Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamitin Gasar Adabi: Fom Ke Kayar da Mu Kafin Alƙali Ya Karanta

Zuwa ga Shugaba da mambobin kwamitin shirya gasar adabi ta shekara-shekara,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna yi muku sannu da aiki. Mun san shirya gasa ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Ga neman mai ɗaukar nauyi, ga lallashin alƙalai su zauna su karanta tulin rubutu, ga tsegumin waɗanda ba su yi nasara ba, wanda ba ya ƙarewa. Allah ya saka muku da alheri.

Ni marubuci ne, kuma ina magana da yawun wasu 'yan uwana marubuta da muka daɗe muna karanta wa juna rubutu, muna gyara wa juna. Cikinmu akwai malaman makaranta, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai ɗalibai, akwai wadda ta yi ritaya. Babu ko ɗaya da rubutu ke ciyar da shi. Ranar da kuka fitar da sanarwar gasar bana, mun zauna mun bi sharuɗɗan layi-layi, kowa yana duba inda ya faɗa. Da muka kai ƙarshen shafin sai wuri ya yi tsit. Yawancinmu sun riga sun faɗi gasar, alhali babu alƙalin da ya ga ko harafi ɗaya na abin da suka rubuta. Da so samu ne, a asirce za mu aiko muku da wannan koke. Mun gwada hakan bara ta adireshin imel ɗin da kuka bayar, har yau shiru kake ji. Kuma matsalar ta wuce mu kaɗai.

Ba mu ce a yi gasa babu sharaɗi ba. Dole a san wa zai shiga, da me zai shiga, da ranar rufewa. Abin da muke nema shi ne kowane sharaɗi ya iya amsa tambaya guda: me yake karewa? Wanda ya amsa, mun yarda da shi ko da mu ya taɓa. Ga waɗanda muka yi ta juyawa muka kasa samo musu amsa.

Wanda ya fi kwasar mutane shi ne na rukunin littattafai, inda kuka ce kamfanin ɗab'i ne kaɗai zai shigar da littafi, kuma wanda marubuci ya buga da kuɗinsa ba ya ciki. Mun san inda aka samo wannan. Haka kyautar adabi ta Booker take yi a Ingila, haka ma kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka da aka fara bayarwa a 2000. Amma a can akwai kamfanoni masu editoci da ke karɓar rubutu, su tace, su buga da kuɗinsu, su kuma biya marubuci. Gasa sai ta jingina da wannan tacewar, ta huta da rabin aiki. Marubucin da ke inda irin waɗannan kamfanoni ba su da yawa, ko mai rubutu da harshen da manyan kamfanoni ba sa waiwaya, shi wannan sharaɗi ba ingancin littafinsa yake aunawa ba. Abin da ake yi a zahiri kun san shi, mu ma mun sani. Marubuci ya tara kuɗinsa ya kai wa mai kamfani, a manna masa tambari da lambar ISBN a bangon baya, shi ke nan littafi ya zama na kamfani, ba tare da wani edita ya buɗe shi ba. Wanda kuwa ya yi gaskiya ya sa sunansa a gurbin mawallafi, ko da ya biya ƙwararre ya tace masa littafin sau uku, shi ake sallama. Kun ga an kori mai gaskiya, an kuma buɗe wa masu sayar da tambari kasuwa. Ita lambar ISBN, wadda ta koma alƙaluma 13 tun 2007, an yi ta ne don masu sayar da littattafai da ɗakunan karatu su bambance wannan bugu da wancan. Ba ta taɓa zama shaidar kyawun labari ba.

Kuma ba kowace babbar gasa ke bin wannan hanya ba. Pulitzer ta Amurka tana karɓar littafin da marubuci ya buga da kansa muddin an buga shi a takarda, kuma marubucin da kansa na iya miƙawa. Kyautar adabin Suwahili da aka kafa a 2014 da haɗin gwiwar Jami'ar Cornell rubutun da ba a buga ba take karɓa, sannan a nema wa wanda ya yi nasara hanyar bugawa. Mu ma masu rubutu da Hausa, ai ƙagaggun labaranmu na farko a boko daga gasar 1933 suka fito, wadda Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya, kuma rubutun da ba a buga ba aka tattara. Da an ce sai mai kamfanin ɗab'i zai shiga, da ba a sami ko mutum ɗaya ba.

Sai ga rukunin gajerun labarai, inda kuka juya ta ɗaya gefen. Nan kuma kun ce labarin ya kasance "ba a taɓa buga shi a ko'ina ba", kuka sa aya. Mene ne bugawa a yau? Labarin da aka sa a Facebook an buga shi ke nan? Wanda aka karanta a gidan rediyo fa, ko a gaban jama'a a taron marubuta? Wanda aka ɗora a Wattpad, shafin karanta labarai na intanet, na kwana biyu aka sauke? Ba don neman magana muke tambaya ba. Bara wani ƙanenmu, ɗalibi, ya shiga da labarin da ya kwashe watanni yana sassaƙa. Kafin ya aika, ya tura mana shi a zaurenmu na WhatsApp, inda ba mu fi cikin cokali ba, don mu duba masa. Mun yi masa kaca-kaca da shi, ya sake rubuta ƙarshen gaba ɗaya. Labarin ya tsallake zagayen farko, daga nan sunansa ya ɓace daga jerin. Sai daga baya ya ji a bakin wani cewa an kai muku hoton allon waya a matsayin hujjar cewa labarin ya riga ya fita. Babu wanda ya kira shi, babu wanda ya tambaye shi. Yaron nan tun daga ranar bai ƙara nuna wa kowa rubutunsa kafin ya aika ba, kuma rubutun nasa ya ja baya, don marubucin da ba a duba masa ba, ba ya ganin ƙeyarsa. Idan kuka haɗa rukunan biyu, marubucin da ya taso a intanet ba shi da masauki a wurinku: a can an ce bai bugu ba, a nan an ce ya riga ya bugu.

Batun shekaru shi ya fi yi mini ciwo, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa. Bana kun ƙara cewa mai shiga kada ya wuce shekara 40, kuka ce don a ƙarfafa wa sababbin marubuta. Niyyar mai kyau ce. Sai dai sabon marubuci daban, matashi daban. Babbar yayarmu a wannan zaure malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta shafe rayuwarta tana gyara insha'in 'ya'yan mutane da jan biro, tana renon nata a gida, tana jinyar mahaifiya. Sai da gida ya yi shiru ta sami sukunin zama ta rubuta littafinta na farko, a cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta guda shida, jikarta ta buga mata a kwamfuta. Duk cikinmu babu wanda ya kai ta sabunta a wannan fage, babu kuma wanda rubutunsa ya kai nata nauyi. Da aka karanto sharaɗin shekarun, cire tabarau ta yi ta ce, "To, ni ashe na makara tun kafin in fara." Dariya ta yi, amma mu ba mu iya tayawa ba.

Wa wannan iyaka ta fi kamawa? Matan da aure da reno suka cinye musu shekarun ƙuruciya, da wanda ya yi karatu a makare, da wanda neman abin kai wa baka bai bar shi ya zauna ba. Marubuciyar Ingila Penelope Fitzgerald tana da shekara 60 ta fitar da ƙagaggen labarinta na farko a 1977, ta kuma ci Booker a 1979. Toni Morrison ta Amurka tana da 39 nata na farko ya fito a 1970, bayan ta yi ta rubutu da asuba kafin 'ya'yanta su tashi ta tafi aiki. Da ta ƙara jinkirin shekara biyu, da a ƙa'idarku ta tsufa da zama sabuwa, ita da ta karɓi Nobel a 1993. A gasar 1933 ɗin da na ambata, Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga, amma yayansa Malam Bello Kagara ya haura 40, kuma dukansu biyu an buga littattafansu. Akwai gasar da iyakar shekarunta ke da dalili a fili, kamar ta Dylan Thomas da ta tsaya a 39 saboda a wannan shekarun mawaƙin ya rasu a 1953. Wannan kowa ya ji ya gane. Taku 40 ɗin daga ina ta fito? In sababbi kuke nema, ku ce littafin farko ko na biyu, ku bar takardar haihuwa ta huta. Ga shi ma ba a rasa masu rage shekaru a takarda, wanda ya ƙi yin ƙarya shi zai zauna a gida.

Kuɗin shiga ba zan ja shi da nisa ba. Wasu gasanni na karɓa, Pulitzer ma dala 75 take karɓa kan kowane littafi. Wasu kuma ba sa karɓar ko sisi, kamar gasar gajerun labarai ta ƙasashen Commonwealth, wadda duk ɗan ƙasashen da ya kai shekara 18 zai shiga kyauta ta intanet. Ku kun haɗa mana uku a lokaci guda: kuɗin fom, da tulin kwafe na littafi, da kuɗin aika su. Wanda ke kusa da ofishinku ya kai da hannu, na nesa ya biya ninki, ya kuma zauna da fargabar ko kayan za su isa kafin ranar rufewa, tunda ba ku faɗi ko ranar aikawa kuke dubawa ko ranar isowa ba. Fayil ɗaya ta imel ya isa zagayen farko. In littafi ya kai zagayen ƙarshe, sai a nemi na takarda.

Yanzu ga wanda ya same ni ni da kaina, kuma laifina ne rabi, don ban karanta da kyau ba. A can ƙasan fom, da ƙananan haruffa, akwai layin da ya ce duk rubutun da aka shigar ya zama mallakin masu gasa. Duk rubutun da aka shigar, ba wanda ya yi nasara kaɗai ba. Shekara uku da suka wuce na danna "na amince" ba tare da na tsaya ba. Labarina bai ci komai ba, ba ku buga shi ba, ba ku kuma sake shi ba. Da na tashi haɗa gajerun labaraina a littafi guda, wanda ke taimaka mini da aikin ya ga kwafin fom ɗin ya ce in cire wannan labari, kada wata rana a zo ana shari'a. Na rubuto muku sau biyu ina neman izinin amfani da abin da ni na rubuta. Yana nan kwance a cikin kwamfuta, ba ku ci ba, ba ku bar ni na ci ba. Abin da aka saba a wuraren da ake mutunta marubuci shi ne haƙƙin mallaka ya zauna a hannun mai shi, masu gasa su karɓi izinin buga waɗanda suka yi nasara na wani ƙayyadadden lokaci. Layin nan yana nan daram a fom ɗin bana.

Kun buɗe ƙofa ga rubutun da aka fassara, mun yaba. Amma babu gurbin sunan mai fassara a fom, balle kasonsa a kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, don jimlolin da alƙali zai karanta ya yaba na mai fassara ne. Tun 2016 kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa ke raba fam 50,000 daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara. Sannan akwai wata ƙaramar matsala da ke da babban sakamako. Akwatin da ake liƙa labari a shafinku ba ya gane haruffa masu lanƙwasa. Na gwada da idona: ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma alamar tambaya, "ƙasa" ta koma "?asa", "ɓarawo" ya koma "?arawo". Ga shi kuma kun sa bin ƙa'idojin rubutu cikin abubuwan da ake ba wa maki. Na'urar ƙirgan kalmominku ma ba ta jituwa da ta kwamfutocinmu, musamman kan kalmomi irin su 'ya'ya da sau-da-ƙafa, har labarin da yake daidai a wurinmu ya zo wurinku ya haura iyaka.

Akwai kuma abubuwan da ba ku faɗa ba sam, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ku ce komai ba kan ɗalibi ko ɗan uwa ko abokin kasuwancin alƙali. Ba zargi muke yi ba, amma rashin doka a nan yana ɓata sunan alƙali mai gaskiya ma. Kwamitin Goncourt na Faransa, da ke bayar da kyauta tun 1903, sai da surutu ya taso a 2021 ya kafa dokar cire littafin miji ko mata ko masoyi ko ɗan uwa na kusa na duk wani alƙali. Ba sai kun jira naku surutun ba. Ba ku ce komai ba kan sunan aro, alhali da yawa, musamman mata, da shi aka san su. A wannan Goncourt ɗin ne Romain Gary ya ci sau biyu, a 1956 da sunansa, a 1975 da sunan Émile Ajar, duk da cewa sau ɗaya ake ba mutum, kuma ba a tabbatar ba sai bayan rasuwarsa. Maganin abin mai sauƙi ne: kwamiti ya san sunan gaskiya a asirce, jama'a su ga wanda marubuci ya zaɓa. Kan ƙirƙirarriyar basira kuwa, layi ɗaya kuka rubuta cewa an haramta. Gyaran kuskuren rubutu da manhaja yana ciki? Neman ma'anar kalma fa? Kuma da me za ku gane, wa zai saurari wanda aka zarga? A Janairun 2024 Rie Kudan, wadda ta ci kyautar Akutagawa ta Japan, ta faɗa da bakinta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na littafinta daga ChatGPT ta ɗauko, kuma ba a ƙwace kyautar ba. Wata gasar da korar ta za ta yi. Kowace da matsayinta, amma a rubuta shi filla-filla tun kafin a fara.

Na ƙarshe shi ne canza doka bayan an shiga fili. Mako biyu da buɗe karɓa, kuka ƙara cewa dole mai shiga ya kasance mazaunin ƙasa, ba ɗan ƙasa kawai ba. Ɗaya daga cikinmu da ke karatu a waje ta riga ta biya, ta aika. Ba a mayar mata da kuɗinta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da Booker za ta buɗe ƙofa ga marubutan kowace ƙasa a 2014, tun Satumban 2013 ta sanar. Da Pulitzer za ta shigar da mazauna Amurka waɗanda ba 'yan ƙasa ba a rukunan littattafai, a 2023 ta faɗa, ta ce sai zagayen 2025 zai fara aiki.

Ranku ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da muke roƙo.

Tun a gasar bana, muna roƙon ku janye sharaɗin zama a ƙasa da aka ƙara daga baya, ko ku mayar wa duk wanda ya shafa kuɗinsa. Ku goge layin mallake rubutu daga fom, ku kuma fitar da sanarwa guda da ta saki duk labaran shekarun baya da ba ku buga ba, kowa ya ɗauki abinsa. Ku sa a gyara akwatin shafinku, ko ku ba da damar ɗora fayil yadda yake, ku faɗi ƙirgan da za a bi. Ku rubuta ma'anar "bugawa" da misalai, ku bayyana cewa nuna wa abokan gyara rubutu a rufaffen zaure ba ya ciki. Waɗannan duk ba sa buƙatar kuɗi, zama ɗaya ya ishe su.

Daga baɗi kuma, muna roƙon a maye iyakar shekaru da sharaɗin littafin farko ko na biyu. A bar marubuci ya shigar da littafinsa da kansa. In kuna tsoron yawa, ku sa masu tacewa a zagayen farko su karanta shafuka ashirin na kowane littafi ba tare da ganin suna ba. A sa sunan mai fassara a fom, a yanka masa kasonsa a rubuce. A sanar da sunayen alƙalai ranar buɗewa, tare da dokar da ta ce wanda ke da alaƙa da mai shiga ya janye daga hukunci a kansa. Duk wani sabon sharaɗi a sanar da shi zagaye guda kafin ya fara aiki.

Sai roƙon da muka fi matsawa a kansa. Duk wanda za a cire saboda saɓa ƙa'ida, a rubuta masa, a faɗa masa wace ƙa'ida ce, a ba shi mako guda ya kare kansa. Ba muna neman sanin abin da alƙalai suka tattauna ba ne. Kwamitin Nobel ma shekara 50 yake rufe sirrin waɗanda aka gabatar masa, amma shi ba ya karɓar kuɗin fom a hannun kowa. Wanda ya biya ya shiga, ya cancanci layi biyu na bayani.

Muna fatan jin amsarku a fili, ta hanyar da kuka fitar da sanarwar, kafin ranar rufe karɓa, don waɗanda abin ya shafa su san ko su aika ko su haƙura. In kuna son zama da mu, a shirye muke mu turo wakilai uku, kuma mun riga mun yanke cewa yayarmu mai littattafan rubutu shida ce za ta jagorance su.

Wassalam. Allah ya ƙara girma.

Naku,
wani marubuci, a madadin 'yan uwansa na zauren gyaran rubutu.